Masu Riƙe da Akalar Ƙungiyar Ƙwallon Kwando: Muƙamansu, Ayyukansu da Hanyar da Suka Biyo

A daren 13 ga Yunin 2019, ƙungiyar Toronto Raptors ta doke Golden State Warriors da ci 114 da 110 a birnin Oakland, ta ɗauki kofin NBA karo na farko a tarihinta. Mutum biyu da ba su taɓa ƙwallo ba a daren suna da hannu dumu-dumu a abin da ya faru. Na farko shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shugaban Raptors da ya harhaɗa 'yan wasan da suka ci kofin. Na biyu shi ne Rick Welts, shugaban Warriors ta fuskar kasuwanci, wanda ya shafe shekaru yana bin takardun gina sabon zauren wasa a San Francisco. Wasan na daren shi ne na ƙarshe da Warriors ta buga a tsohon zaurenta na Oracle, domin a watan Satumba aka buɗe Chase Center, wanda ya lashe kimanin dala biliyan 1.4.

Dukansu ana kiran su shugaba, amma aikinsu ya sha bamban. Ujiri yana yanke hukunci kan wanda zai sa riga ya shiga fili, Welts kuwa yana nemo kuɗin da za a biya shi. Wanda ya fahimci wannan rabon aiki zai san ofishin da ya kamata a tuhuma idan aka yi tsadar tikiti, ko aka ci zarafin ma'aikata, ko aka nemi gwamnati ta zuba harajin jama'a a ginin da riba za ta tafi aljihun attajiri.

Gida ɗaya, ƙofa biyu

Gasar NBA tana da ƙungiyoyi 30, 29 a Amurka, ɗaya a Kanada. Kowace ƙungiya kamfani ce mai zaman kanta, mallakar attajiri ɗaya, ko gungun masu hannun jari, ko wani babban kamfani. Raptors, alal misali, tana ƙarƙashin kamfanin Maple Leaf Sports and Entertainment, wanda kuma ke da ƙungiyar Maple Leafs ta wasan hoki da Toronto FC ta ƙwallon ƙafa. Kowace ƙungiya tana da wakili ɗaya a majalisar masu ƙungiyoyi, wadda ke amincewa da sayar da ƙungiya ko sauya mata gari, kuma ita ce ke naɗa kwamishinan gasar. Adam Silver ke kan wannan kujera tun Fabrairun 2014.

A ƙarƙashin mai ƙungiya aiki ya rabu biyu. Ɓangaren wasa yana hannun shugaban harkokin wasa ko babban manaja, kuma a nan ake samun koci da mataimakansa, masu zaƙulo 'yan wasa, likitoci, masu nazarin alƙaluma da ƙwararru kan dokokin albashi. Ɓangaren kasuwanci kuwa yana hannun shugaban kasuwanci ko babban jami'in zartarwa, kuma shi ne ya fi yawan ma'aikata nesa ba kusa ba. A yawancin ƙungiyoyi shugabannin biyu ba wanda ke ƙarƙashin wani. Kowa yana kai rahotonsa kai-tsaye ga mai ƙungiya.

Sunayen muƙamai kan ruɗi mai karatu, domin ba a daidaita su ba. A wata ƙungiya babban manaja shi ne mai wuƙa da nama a harkar wasa, a wata kuma mataimaki ne kawai ga shugaba. Hanya mafi sauƙi ta gane nauyin mutum ita ce a duba takardar da yake da ikon sa wa hannu da kuma wanda yake kai wa rahoto.

Daga ina kuɗin ke fitowa

Kuɗin ƙungiya yana shigowa ta hanyoyi biyu. Akwai na tarayya, wanda hukumar gasar ke nemowa a raba wa kowa daidai. Mafi girmansa shi ne na haska wasanni: a Yulin 2024 NBA ta ƙulla yarjejeniyar shekara 11 da Disney da NBC da Amazon kan kimanin dala biliyan 76, wadda ta fara aiki a kakar 2025 zuwa 2026. Akwai kuma na gida, wanda kowace ƙungiya ke nema da guminta: tikiti, ɗakunan alfarma na zauren wasa, tallace-tallacen kamfanoni, haska wasa a tashoshin yankin, abinci da abin sha, da sayar da riguna. A nan ne ake gane gwanin shugaban kasuwanci.

Yarjejeniyar da ke tsakanin gasar da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta ba 'yan wasa tsakanin kashi 49 zuwa 51 cikin ɗari na kuɗin da ƙwallon kwando ya samar. Daga jimillar kuɗin nan ake lissafa iyakar albashin da aka gindaya wa ƙungiyoyi, wadda ta kai kimanin dala miliyan 154.6 a kakar 2025 zuwa 2026. Ma'ana, mai sayar da tikiti a ofis yana da tasiri a albashin tauraron da ke fili. An ga haka ƙarara a 2016, lokacin da yarjejeniyar talabijin ta dala biliyan 24 ta fara aiki, iyakar albashi ta yi tsalle daga dala miliyan 70 zuwa sama da miliyan 94 a shekara ɗaya. Wannan ratar ce ta ba Warriors damar ɗaukar Kevin Durant, kuma ta ci kofi da shi a 2017 da 2018. Bayan nan an sa doka cewa iyakar ba za ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin ɗari a shekara ba.

Manyan muƙamai da aikin kowanne

Shugaban kasuwanci shi ne ke tsara kasafin shekara, ya naɗa shugabannin sassa, ya wakilci ƙungiya a gaban magajin gari da 'yan majalisa da manyan kamfanoni. Idan za a gina sabon zaure, shi ne zai jagoranci aikin tun daga sayen fili har zuwa buɗewa. Gillian Zucker, wadda ta zama shugabar kasuwancin Los Angeles Clippers a 2014, tana cikin waɗanda suka ja ragamar aikin Intuit Dome, wanda aka buɗe a Agustan 2024 kan kimanin dala biliyan 2.

Shugaban sashen tikiti yana da wasanni 41 na gida a kowace kaka, cikin 82 da ƙungiya ke bugawa, kuma kujerar da ba a sayar ba a daren wasa ta tafi ke nan. Saboda haka ƙoƙarinsa shi ne ya sayar da tikitin kaka gaba ɗaya tun kafin a fara, ya kuma tabbatar masu riƙe da shi sun sabunta. Farashin sauran tikitin yana hawa da sauka gwargwadon abokin karawa da ranar wasa. Ɗakunan alfarma da kujerun bakin fili su ne suka fi kawo kuɗi, duk da cewa mutanen da ke zama a cikinsu 'yan kaɗan ne.

Shugaban sashen hulɗa da kamfanoni shi ne ke sayar da sunan ƙungiya. Tun kakar 2017 zuwa 2018 aka yarda a liƙa tambarin kamfani a rigar 'yan wasa, kuma rahotanni sun ce Rakuten na Japan ya riƙa biyan Warriors kimanin dala miliyan 20 a shekara kan ɗan ƙyallen nan. Sunan zaure ya fi haka tsada: bankin Scotiabank ya amince da biyan dalar Kanada miliyan 800 cikin shekara 20 domin a sa sunansa a zauren Toronto. Aikin yana da haɗari. A 2021 an sa wa zauren Miami Heat sunan kamfanin kuɗin kirifto na FTX a yarjejeniyar dala miliyan 135. A Nuwamban 2022 kamfanin ya durƙushe, aka shiga kotu domin a cire sunan, daga baya zauren ya koma Kaseya Center.

Babban jami'in kuɗi shi ne ke gaya wa mai ƙungiya gaskiyar da ba ya son ji. Ƙungiyar da albashinta ya haura wani mataki tana biyan harajin wuce iyaka, wanda ke ninkuwa idan ta maimaita shekara bayan shekara. Warriors ta taɓa biyan sama da dala miliyan 150 a kaka ɗaya a wannan haraji kaɗai, abin da ba zai yiwu ba in ba don kuɗin da sabon zaurenta ke kawowa ba. Jami'in kuɗi kuma shi ne ke kula da bashin gini da rahoton da ake miƙa wa masu binciken asusu na gasar.

Babban lauya yana duba kowane kwantiragi, na haya da na talla da na ma'aikata, tare da tabbatar da bin dokokin gasar. Shugaban talla da yaɗa labarai yana kula da yadda jama'a ke kallon ƙungiya, daga shafukan sada zumunta har zuwa abin da ake yi a fili lokacin hutun rabin lokaci. Manajan zaure yana cike sauran ranakun shekara da bukukuwan mawaƙa da taruka, yana kuma kula da tsaro da ɗaruruwan ma'aikatan wucin gadi. Akwai kuma shugaban sashen kula da ma'aikata, wanda ba a cika jin sunansa ba sai ranar da abu ya ɓaci.

Yadda ake kaiwa ga kujerar

Babu takardar shaida ɗaya da ke kai mutum ga waɗannan muƙamai, amma akwai hanyoyi da aka saba bi.

Hanya ta farko ita ce farawa daga ƙasa. Rick Welts ya fara ne a 1969 a matsayin yaro mai tsintar ƙwallo a ƙungiyar Seattle SuperSonics, kuma lokacin da ta ci kofi a 1979 shi ne daraktan hulɗa da jama'a. A 1982 ya koma hedkwatar NBA, inda ake danganta masa ƙirƙiro bikin ƙarshen mako na wasan taurari a 1984 da tallata tawagar Amurka ta gasar Olamfik ta 1992. Ya shugabanci Phoenix Suns, sannan Warriors daga 2011 zuwa 2021, kuma a 2018 aka sa shi a zauren karramawa na ƙwallon kwando ba tare da ya taɓa buga wasa ko horarwa a gasar ba. Wanda ya gaje shi, Brandon Schneider, ya shiga Warriors ne a 2002 yana sayar da tikiti. Wannan ita ce ƙofar da ta fi faɗi ga matasa: ɗakin kiran waya, ƙaramin albashi da kamasho, da alƙaluman da ake auna kowa da su mako-mako.

Hanya ta biyu ita ce shigowa daga wata masana'anta. Cynthia Marshall ta yi shekara 36 a kamfanin sadarwa na AT&T, ta ƙware a harkar kula da ma'aikata, kafin Dallas Mavericks ta ɗauke ta a 2018. Ita ce baƙar fata mace ta farko da ta zama babbar jami'ar zartarwa ta wata ƙungiya a NBA. Lauyoyi, akantoci da masu ilimin sarrafa alƙaluma suna shigowa ta irin wannan ƙofa.

Hanya ta uku ta ɓangaren wasa ce, kuma tarihin Ujiri ya nuna yadda take. An haife shi a Bournemouth ta Ingila a 1970, ya girma a Zariya, inda ya koyi wasan a hannun koci Ba'amurke Oliver Johnson. Bayan ya buga wasa a kwalejin Amurka da wasu ƙungiyoyin Turai, ya fara zaƙulo wa Orlando Magic 'yan wasa a 2002 ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiye-tafiyensa da kansa. Daga nan ya samu aiki a Denver Nuggets, ya wuce Toronto, ya dawo Denver a 2010 a matsayin babban manaja, ɗan Afirka na farko a irin wannan muƙami a gasar. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon manajan shekara, Raptors ta ɗauke shi kan kwantiragin shekara 5 na dala miliyan 15. A Yulin 2018 ya yi kasadar da ta fi kowace girma a aikinsa: ya ba da DeMar DeRozan, wanda magoya baya ke ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard, wanda saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. Kofi ya zo, Leonard ya tafi. A 27 ga Yunin 2025 kamfanin da ke da Raptors ya raba gari da Ujiri bayan wasu kakanni marasa daɗi. Kujerar ba ta gado ba ce, ko ga wanda ya kawo kofi.

Inda ɓangarorin biyu ke karo

Abin da ɓangare ɗaya ya shuka, sau da yawa ɗayan ne ke girba. A Oktoban 2019 Daryl Morey, babban manajan Houston Rockets, ya wallafa saƙon goyon bayan masu zanga-zangar Hong Kong a Twitter. Cikin 'yan kwanaki kamfanonin China suka janye daga hulɗa da ƙungiyar, gidan talabijin na gwamnatin ƙasar ya daina haska wasanni, kuma daga baya Silver ya ce asarar ta kai ɗaruruwan miliyoyin daloli. Ma'aikatan kasuwanci da suka shafe shekaru suna gina kasuwar ne suka kwashi kashinsu a hannu, gasar kuma ta sha suka a gida kan yadda ta fara mayar da martani.

A Fabrairun 2025 babban manajan Dallas, Nico Harrison, wanda ya fito daga kamfanin Nike, ya miƙa Luka Dončić ga Los Angeles Lakers. Magoya baya suka yi zanga-zanga a ƙofar zaure. Welts, wanda bai fi wata guda da karɓar shugabancin kasuwancin Dallas ba, shi da ma'aikatansa ne suka fuskanci fushin masu tikiti kan hukuncin da ba su suka yanke ba. An sallami Harrison a Nuwamban shekarar.

Akwai kuma iyakar da doka ta shata tsakanin ɓangarorin. An haramta biyan ɗan wasa ta bayan fage domin kauce wa iyakar albashi. A 2000 aka gano yarjejeniyar sirri tsakanin Minnesota Timberwolves da Joe Smith. Aka ci tarar ƙungiyar dala miliyan 3.5, aka ƙwace mata damar zaɓen sabbin 'yan wasa a zagayen farko har sau biyar, ko da yake an mayar mata da biyu daga baya.

Zauren wasa da harajin jama'a

Aikin shugaban kasuwanci da ya fi kusa da siyasa shi ne neman kuɗin gina zaure. Makamin da ake amfani da shi tsoho ne: a gina mana, ko mu bar garin. Seattle ta ɗanɗana a 2008, lokacin da SuperSonics ta koma Oklahoma City bayan an kasa daidaitawa kan sabon zaure, ta zama Thunder. A Milwaukee, waɗanda suka sayi Bucks a 2014 kan dala miliyan 550 sun samu dala miliyan 250 daga asusun jama'a domin gina Fiserv Forum, wanda aka buɗe a 2018. A Disamban 2023 masu zaɓe a Oklahoma City suka amince da harajin sayayya domin gina zauren da ba zai gaza dala miliyan 900 ba, inda masu ƙungiyar za su ba da miliyan 50 kacal.

Masu goyon baya suna cewa zaure yana farfaɗo da unguwa, yana kuma riƙe ƙungiya a gari. Yawancin masana tattalin arziƙi da suka yi nazarin batun sun ce ribar da gari ke samu ba ta kai abin da ya kashe ba, domin kuɗin da iyali suka kashe a kallon wasa da ma a garin za su kashe shi. Abin da ba a gardama a kai shi ne darajar ƙungiyoyin. An sayi Warriors kan dala miliyan 450 a 2010. A 2025 an yi cinikin Boston Celtics kan dala biliyan 6.1, aka kuma ƙiyasta Lakers kan biliyan 10 a nata cinikin. Chase Center da Intuit Dome, waɗanda masu ƙungiyoyin suka gina da kuɗinsu, sun zama hujja ga masu cewa attajiran za su iya biya in sun ga dama.

Idan ofis ya lalace

Manyan abin kunya biyu na shekarun baya-bayan nan a ofis suka faru, kuma 'yan jarida ne suka tono su. A Fabrairun 2018 mujallar Sports Illustrated ta wallafa rahoton cin zarafin mata a sashen kasuwancin Dallas Mavericks. Binciken lauyoyi masu zaman kansu da ya biyo baya ya saurari mutum 215, ya kuma tabbatar da cewa abin ya shafe sama da shekara 20 yana faruwa, har da hannun tsohon shugaban ƙungiyar, yayin da sashen kula da ma'aikata ya gaza kare masu ƙorafi. Ba a samu mai ƙungiyar, Mark Cuban, da aikata cin zarafin ba, amma an same shi da sakaci, ya amince ya ba da dala miliyan 10 ga ƙungiyoyin kare mata. Gyaran wannan ɓarna ne ya kawo Marshall, wadda ta riƙe muƙamin har ƙarshen 2024.

A Phoenix, rahoton ESPN na Nuwamban 2021 ya kai ga binciken da ya samu mai ƙungiyar Suns, Robert Sarver, da furta kalaman wariyar launin fata da wulaƙanta ma'aikata mata. A Satumban 2022 gasar ta dakatar da shi shekara ɗaya, ta ci shi tarar dala miliyan 10. Da yawa sun ce hukuncin ya yi sauƙi. Sai da manyan 'yan wasa suka yi magana, kamfanin PayPal da tambarinsa ke rigar ƙungiyar ya ce ba zai sabunta yarjejeniya ba muddin Sarver na nan, sannan ya sanar zai sayar. Mat Ishbia ya sayi Suns tare da ƙungiyar mata ta Mercury kan darajar dala biliyan 4. Sarver ya tafi da riba mai tsoka, amma lamarin ya nuna cewa matsin kamfani mai talla kan yi abin da tara ba ta yi ba.

Kujerun da ke buɗewa a Afirka

Irin waɗannan muƙamai sun fara samuwa a nahiyar nan. A Mayun 2021 aka fara gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL a Kigali da ƙungiyoyi 12, haɗin gwiwar NBA da hukumar FIBA, ƙarƙashin shugabancin Amadou Gallo Fall ɗan Senegal, wanda shi ma ya fara ne da zaƙulo wa Dallas 'yan wasa. A shekarar aka kafa kamfanin NBA Africa, da ɗan kasuwar Nijeriya Babatunde Folawiyo cikin masu zuba jari. Tun 2024 Clare Akamanzi, tsohuwar shugabar hukumar bunƙasa Ruwanda, ke jagorantarsa. Rivers Hoopers da Kwara Falcons sun wakilci Nijeriya a gasar. Masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam sun soki kusancin gasar da gwamnatin Paul Kagame, tambayar da ke kan teburin shugabannin kasuwanci kamar yadda batun China yake.

Ƙungiyar da ta dogara ga kasafin gwamnatin jiha, kamar yadda yawancin namu suke, ba ta da dalilin ɗaukar mai sayar da tikiti ko mai neman talla, kuma asusunta yana bin sauyin gwamna ne. Duk ranar da aka ce za a gina zaure ko za a sayar da ƙungiya, a Kano ne ko a Oklahoma, tambayoyin da ya kamata ɗan jarida da mai biyan haraji su yi iri ɗaya ne: nawa za a ɗebo daga asusun jama'a, wa zai karɓi kuɗin ƙofa da na talla, shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, kuma sunan wa ke ƙarƙashin takardar.